Yadda za ka je muzen abinci kai kaɗai in kana zaune ƙasar waje

Na zo hutu gida Maradi yau kwana goma kenan, shekaran jiya da dare muna fada ana shan shayi sai ƙanen wani abokina da ya samu gurbin karatu a Beljik ya ce mani yaya, ranar da babu lakwal mi kake yi can? Na ce wata rana nakan shiga jirgin ƙasa in tafi muze. Ya ce da wa? Na ce ni kaɗai. Ya ce muzen mi? Na ce na soyayyen dankalin turawa, firit dai da ka sani. Nan fa hira ta ɓarke, wasu na cewa ashe abinci ma gidan tarihi gare shi, wasu na cewa yaya mutum zai kama hanya shi ɗaya kamar wanda ba shi da kowa. Na yi masa alkawari zan rubuta masa yadda ake yi dalla-dalla, to ga shi, duk wanda ke shirin fita ko yana can waje ya ɗauka.

Mu nan gida ba mu saba yin abu mu kaɗai ba. Tuwo kwano guda ake haɗuwa, kasuwa a tafi da rakiya, in anka ga mutum zaune shi ɗaya sai a ce lafiya dai? To wannan tarbiyyar ita ke ɗaure mu in mun je waje, kana jiran abokin tafiya, shi ko yana da jarrabawa ko yana wurin aiki ko aljihunsa ya bushe, sati ya wuce wata ya wuce, ka wayi gari shekara ta cika ba ka san komi ba sai ɗaki da lakwal da shagon da kake sayen shinkafa. Ni wata biyar na yi a haka kuma wallahi kewar gida ta fi cin mutum in yana ƙunshe a ɗaki. Dalilin da ya sa nake cewa a fara da muzen abinci shi ne mu 'ya'yan manoma ne, ba sai an yi maka dogon bayani kan iri da shuka da girbi da rumbu da fari ba, ka shiga da ilminka a kai, sau da yawa ma ka fi Baturen da ke kusa da kai gane abin da ake nunawa.

Abu na farko shi ne zaɓen wuri, kuma ka zaɓi wanda za ka je ka dawo rana ɗaya ba sai ka kwana ba. In kana Beljik ko arewacin Faransa akwai Frietmuseum a garin Buruj, an buɗe shi a 2008, shi na fara zuwa kuma da shi zan riƙa ba da misali. Garin kuma akwai Choco-Story na shokola, wanda ke da rassa a Buruksel da Paris. In Jamus kake akwai babban muzen shokola na Kolon a bakin kogin Rin, tun 1993, da wani famfon shokola mai tsayin mita 3 da ake tsoma biskit ana miƙa wa baƙi. Suwis akwai Alimentarium a garin Vevey tun 1985, shi abinci gaba ɗaya yake bayani, yadda ake nomawa da dafawa da yadda jiki ke narkar da shi, a gabansa an kafa wani ƙaton cokali mai yatsu na mita 8 cikin tafki. Wanda Allah ya kai Japan akwai muzen Cup Noodles a Ikeda kusa da Osaka da kuma Yokohama, can ake ba da labarin Momofuku Ando da ya ƙirƙiro taliyar nan ta minti uku a 1958, wato kakar su Indomie. Amma in Sipaniya kake, dan Allah ka nemi Alboraya kusa da Balansiya, can suke noman aya suna yin wani abin sha da suke kira orchata, kunun aya ne ba wani abu ba, akwai ɗan gidan tarihinsa a wata tsohuwar gona, kuma Sipaniya na sayen aya daga Nijar da Burkina da Mali. Ɗan Maradi da ya san gonakin aya na wajen Agye da Cadawa ya kamata ya je ya ga inda buhunan nan ke ƙarewa. Irin ƙananan wuraren nan sai an kira an sa rana kafin a je.

Ka karanta abin da wurin ya ƙunsa kafin ka biya kuɗi. Misali akwai wani babba a garin Dijon na Faransa da anka buɗe a 2022, sunansa ma ya haɗa abinci da giyar inabi, kaso mai yawa na abin da ke ciki giya ce, in ba ka son wannan gara ka sani tun daga gida.

Na biyu rana da lokaci. Muze da yawa a Turai ba su buɗewa ranar Litinin, wasu Talata, saboda haka ka shiga shafinsu na intanet ka duba da idonka, kar ka dogara da abin da wani ya faɗa maka bara. Ka duba har da lokacin da suke daina karɓar mutane, don yakan riga lokacin rufewa da kusan awa guda. In da hali ka je ranar aiki da safe suna buɗewa, ka guji lokacin hutun 'yan lakwal da yammacin Asabar, saboda muzen abinci yara ke cika shi, kai kuma da ka zo kai kaɗai natsuwa ka zo nema.

Na uku kuɗi. Tiken shiga irin waɗannan wurare yawanci yana tsakanin yuro 10 zuwa 20, yuro guda kuma sefa 656 ne, wato yuro 10 jaka shida da rabi kenan da 'yan kai. Na san zuciya za ta ce wannan kuɗin cefanen kwana nawa ne a gida, ni ma ta ce mani, amma in kana juya komi zuwa sefa ko ruwa ba za ka sha ba a can, ka ware kuɗin tun farkon wata ka ɗauka cikin kuɗin karatu yake. Ka tafi da katinka na ɗalibi, kusan ko'ina ana yin ragi amma sai ka nuna. Ka tambaya ko akwai tiken haɗi, a Buruj ana haɗa na firit da na shokola ya fi sauƙi bisa sayen kowane daban. Ka riƙe katin banki don wasu wuraren ba su son tsabar kuɗi, ka kuma sa 'yan silalla aljihu saboda bayin tasha kuɗi ake biya. Tiken jirgi ka duba ragin matasa ko na wikend kafin ka saya.

Takardu kuma, katin zamanka kar ya rabu da jikinka, in za ka tsallaka iyaka ko da daga garin Lil na arewacin Faransa zuwa Beljik ne ka haɗa da fasfo. Ka gaya wa mutum ɗaya inda za ka da lokacin da kake sa ran dawowa. 'Yan uwa mata wannan ya fi shafarku, ku tura wa ƙawa ko makwabciya, ku dawo da sauran haske, lokacin sanyi ƙarfe biyar duhu ya yi.

Jaka ƙarama ta isa, manya sukan sa a ajiye su a ƙofa. Ka sa batirin caji, abin saurare na kunne, gorar ruwa, laima, ƙaramin littafi da biro, da 'yar sallaya mai naɗewa. Maganar salla ka tsara ta tun daga gida, lokacin sanyi azahar da la'asar da magariba kusa-kusa suke zuwa, ka duba masallaci mafi kusa bisa taswirar waya, in tafiyar mai nisa ce ka tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa salla kafin ranar. Kada kuma ka je da yunwa sosai, abin da ake ba ka ɗanɗano ne ba ƙoshi ba, ka karya da kyau.

Hanya. Daga Buruksel zuwa Buruj wajen awa ɗaya ne a jirgin ƙasa. Ga wani abu da ke rikita mu masu Faransanci, can yankin Falaman ne, allon tasha ba Bruges zai rubuta ba, Brugge za ka gani, shi ne dai, kar ka zauna kana jiran wata tasha. Mutanen garin harshensu daban, da yawa suna jin Faransanci amma ka fara da gaisuwa ka tambaya ko za ka iya yin Faransanci, za ka ga fuska ta saki. Daga tasha zuwa tsakiyar gari tafiyar minti 20 ce a ƙasa, akwai bis amma ni na fi son takawa, kana hango doguwar hasumiyar nan mai mita 83 ta dandalin Markt ita za ta ja ka, muzen yana titin Vlamingstraat kusa da dandalin. Ka sauke taswirar cikin waya tun kana gida ko da rezo zai ba ka matsala.

To ga wurin da ya fi wuya, bakin ƙofa. Za ka ga iyali da yara, miji da mata riƙe da hannu, ƙungiyar 'yan yawon buɗe ido, kai ko kai ɗaya kuma watakila kai kaɗai ne baƙar fata a layin. Na tsaya wajen minti biyar a waje ranar kafin in shiga. Abin da na gane shi ne ba wanda ke kallonka, kowa ta kansa yake yi, mai sayar da tike kuma kullum yana ganin masu zuwa su kaɗai. Ka yi gaisuwa, ka ce tike ɗaya na ɗalibi, ka tambayi abu uku: akwai na'urar bayani da Faransanci, ƙarfe nawa ake nuna yadda ake haɗa abincin, kuma an yarda a ɗauki hoto. Shi kenan ka wuce.

In ka shiga kar ka ce sai ka karanta kowane allo, kai zai yi nauyi kafin ka kai rabi. Ka zagaya sau ɗaya da sauri ka ga girman wurin, sannan ka dawo farko ka tsaya inda zuciyarka ta tsaya. Nan ne zuwa kai kaɗai ke da daɗi, ba mai ce maka mu je mu je. Frietmuseum cikin wani tsohon gini yake na 1399 da 'yan kasuwar Jenowa sunka yi amfani da shi, ƙasa labarin dankali, sama labarin firit, can ƙarƙashin ƙasa kuma wurin ci. Ni a sashen dankali na daɗe. Asalinsa tsaunukan Andes ne wajen Peru da Bolibiya, shekaru dubbai ana nomansa can, iri-irinsa sun kai dubbai, ja da baƙi da shuɗi da rawaya, Sipaniyawa sunka kawo shi Turai cikin ƙarni na 16. Mutanen tsaunin suna da wata dabara, su shanya dankali sanyin dare ya daskare shi, rana ta narke shi, su tattake da ƙafa ruwan ya fita ya bushe, sai ya shekara da shekaru bai lalace ba. Ina karantawa ina ganin inna na yanka kuɓewa da tumatir tana shanyawa bisa tabarma, ina ganin masu kilishi, tunani ɗaya ne, yadda za a ɓoye abincin kaka ya kai mutum bazara.

Turawa ma da farko gudunsa sunka yi, a Faransa har an taɓa hana nomansa don ana zargin yana kawo kuturta, sai a 1772 likitocin Paris sunka yarda abinci ne, bayan ƙoƙarin wani mai haɗa magunguna Parmentier da ya rayu da dankali lokacin da yake fursunan yaƙi a Jamus. Daga baya kuma wasu sunka dogara da shi fiye da kima, a Ailan cuta ta kama dankali a 1845, cikin 'yan shekaru mutum wajen miliyan ɗaya sunka mutu, wasu kamar haka sunka bar ƙasar. Wanda ya ji labarin yunwar El Buhari ta 1984 daga bakin iyayensa, ko ya ga ta 2005 da idonsa nan yankinmu, ba zai karanta wannan ya wuce haka nan ba. Na zauna bisa benci na ɗan jima, kuma na gode Allah da ba kowa tare da ni a lokacin, don ba hira nake so ba.

Dabarar da nake ba kowa ita ce ka riƙa yi wa kowane abu tambaya ɗaya, mu a gida yaya muke yin wannan? Ka rubuta amsar cikin littafinka. Da haka na gano gyaɗar da ta yi wa Maradi suna ita ma baƙuwa ce, daga Kudancin Amurka ta zo, masara da rogo da tumatir da barkono su ma daga nahiyar Amurka sunka zo. Gero da dawa da wake kuwa namu ne na Afirka tun asali. A muzen shokola kuma za ka ga mutanen Maya da Aztek, na zamanin da a yankin Meksiko, suna shan koko da barkono a ciki, suna ciniki da 'ya'yansa kamar yadda kakanninmu sunka yi da wuri. Sai ka iso taswira ka ga Kodibuwa da Gana su ke ba duniya wajen rabin kokon da take sha, ka tuna 'yan uwanmu da ke tafiya ci-rani can, ka dubi farashin ɗan ƙaramin kwalin shokola a shagon ƙofa. Wannan ya daɗe yana yi mani yawo a rai, ka tsaya wurin ka yi naka lissafi.

Yanzu maganar ɗanɗano, a nan nake so ka buɗe kunne. Firit dankali ne da gishiri, amma a al'adar Beljik da kitsen saniya ake soya shi, ba lalle yankan Musulmi ba, kuma wasu wuraren mai ɗaya suke soya nama kala-kala a ciki. Ka tambaya kai tsaye: huile végétale ou graisse de bœuf, wato man tsiro ne ko kitsen saniya? Ba abin kunya ba ne, su ma suna da masu cin ganye kaɗai da ke yin wannan tambayar kullum. Miyar naman nan da suke zubawa bisa firit, carbonnade ko stoofvlees, da giya ake dafa ta, ka bar ta. Dogon naman nan fricadelle shi ma yakan ƙunshi alade. Mayonez da 'yan uwansa irin su andalouse da samouraï yawanci ba nama a ciki. Wajen shokola matsalar tana cikin waɗanda anka cusa wa wani abu a tsakiya, irin da Jean Neuhaus ya fara yi a Buruksel a 1912, wasunsu da giya a ciki, in ka ga an rubuta liqueur ko rhum ko kirsch ko marc de champagne ka ajiye. Alewa mai danƙo kuma ka duba kalmar gélatine, a Turai sau da yawa ta alade ce, wannan ya shafi mai zuwa muzen alewar Haribo na garin Uzès a Faransa. In mai aikin bai san amsa ba ka ce ya nuna maka kwalin, in babu ka ce na gode ka wuce, ba ka yi asarar komi ba. Mai ciwon suga ko wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa da danginta shi ma ya faɗa tun kafin a miƙo.

In lokacin nuna aiki ya yi ka je da wuri ka tsaya gaba, bayan an gama mutane sun watse ka matsa ka yi tambaya. Masu aikin nan suna jin daɗin wanda ya damu da sana'arsu. Ni na ce wa wani daga Nijar nake, ƙasarmu ma ana noman dankali a Ayar da Bonkuku, sai hira ta yi tsawo, ya gaya mani irin da sunka fi so sunansa Bintje don yana da gari ba ruwa da yawa ba. Daga bakinsa na ji labarin da suke bayarwa wai mutanen bakin kogin Meuse ne sunka fara soya dankali lokacin da kogin ya daskare ba kifi, masana tarihi dai ba su yarda da labarin ba, kuma har yau su da Faransawa kowa na cewa shi ya fara.

Hoto ka ɗauki allunan bayani don ka karanta a natse daga baya, ba fuskokin mutane ba, ballantana yaran wasu. In kana son naka hoton ka nemi wata dattijuwa ko mai iyali ka miƙa waya, ba su ƙi. Amma kar ka kira gida da bidiyo kana cikin ɗakin kallo, mun san muryarmu in hira ta yi daɗi, ka bari sai ka fito. Shagon tsaraba yana bakin fita kuma da tsada, kati ɗaya mai hoto ya isa, shokolar tsaraba ka saya a babban kanti, ka kuma tuna zafin Maradi in za ka kawo ta gida, narkewa take kafin ka wuce Dogon Dutsi.

In ka fito kar ka ruga tasha. Ka samu benci bakin ruwa ka zauna minti goma sha biyar ka rubuta abu uku da ba ka sani ba da safe, sannan ka kira gida. Ni inna na kira, na ce mata mutanen nan sau biyu suke soya dankali, ta ce to don mi, man ya yi masu yawa ne? Sai wannan zuwan na nuna mata. Mun sayo dankali a babbar kasuwa, munka fere munka yanka kaurin ɗan yatsa, munka tsane ruwan da tsumma mai tsabta sosai don ruwa shi ke sa mai tartsatsi ya kuma hana shi yin ƙaras-ƙaras. Suyar farko wuta kaɗan, su can wajen digiri 150 suke sawa, mu dai munka rage itace, minti shida zuwa takwas har ya dahu ciki amma bai canza launi ba, munka kwashe munka baza bisa faranti ya huce rabin awa. Sannan anka iza wuta man gyaɗar ya yi zafi sosai, wajen 180 kenan, anka maida shi kaɗan-kaɗan minti biyu zuwa uku har ya yi ja-ja, gishiri sai bayan an kwashe. Inna ta barbaɗa yajin ƙuli a nata, ta ce gobe a gwada da dankalin Hausa a gani.